Wata Uku Kafin Wuƙa

Sana'ata saye da sayar da hatsi a kasuwar Tudun Hatsi da ke cikin garin Gombe. Wake ne babban abin da nake yi, sai masara da waken suya, wani lokacin riɗi idan kaka ta yi kyau. Gadon gidanmu ne. Ina ɗan shekara 12 mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya fara tafiya da ni kasuwannin Kumo da Dukku da Bajoga ranakun da ba makaranta, ina riƙe masa bakin buhu yana aunawa. Yau shekarata 56, ina da mata ɗaya da 'ya'ya bakwai, kuma ba ni da tumbi. Likitoci sun cire shi gaba ɗaya a watan Fabrairun 2024, haɗe da ƙarshen bututun da ke kai abinci daga maƙogwaro zuwa ciki. Duk wanda ya ji haka, labarin tiyatar yake so in ba shi. Ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata ukun da suka gabace ta, domin a cikinsu ne sau biyu na kusa halaka kaina da hannuna, kuma kowane karo gani nake daidai nake yi.

Na fi shekara goma ina fama da ƙwannafi. Ɗan kasuwa ba ya cin abinci a kan kari: shayi da safe, a wuni ana ciniki da lodi, bayan isha a ci tuwo a ƙoshi a kwanta nan take. Cikin dare sai ruwa mai tsami ya taso mini har maƙogwaro, in tashi in sha ruwan kanwa ko in tauna farar ƙwayar nan ta kemis, in koma barci. A lokacin ina da jiki, kilo 86 nake. Na sha taba da ƙuruciya, na bari bayan na yi aure. Ban taɓa lissafa ƙwannafi cikin ciwo ba, kowa a rumfarmu yana da nasa. Sai daga baya likita ya gaya mini cewa ruwan tumbi idan ya daɗe yana tasowa yana ƙona ƙarshen bututun abinci, kuma shi da ƙiba da taba suna cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin irin ciwon da ya same ni.

Washegarin Babbar Sallar 2023, ƙarshen watan Yuni, ana suyar naman layya a tsakar gida, aka miƙo mini wata tsoka. Na tauna na haɗiye, sai ta tsaya cak a daidai ƙahon zuci. Ba shaƙewa ba ce, ina numfashi, amma ta ƙi gaba ta ƙi baya. Na sha ruwa, ruwan ya dawo. Sai da na koma bayan ɗaki na amayar da ita. Na ce gaggawa na yi.

Daga nan abin ya riƙa zuwa da kaɗan-kaɗan. Nama ya fara gagarata, sai biredi, sai tuwo idan bai sha miya ba, sai shinkafa. Ba na zama cin abinci sai da kofin ruwa a gefe, kowace loma sai na kora ta. Mai kemis ya ce olsa ce, ya ba ni magani na wata guda. Ƙwannafin ya lafa, lomar ba ta daina tsayawa ba. Aka kawo mini jiƙe-jiƙe daga wurare uku, na sha duka. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Zuwa ƙarshen Satumba kunu da shayi kawai nake iya sha, bayan gidana ya koma baƙi ƙirin, jiri yana ɗibata idan na miƙe, kuma na sauka zuwa kilo 71. 'Yata ta biyu, wadda ke karatun aikin jinya, ta dawo hutu ta gan ni. Ba ta ce komai a gabana ba. Da dare na jiyo kukanta a ɗakin mahaifiyarta. Da safe ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, don Allah ka shirya mu tafi asibitin koyarwa. Olsa ba ta hana abinci wucewa."

Aka zura mini wata igiya mai kyamara ta baki, abin da suke kira endoskofi. Suka ga ƙari a daidai mahaɗar, inda bututun abinci ya ƙare tumbi ya fara, ya kusa toshe hanyar. Suka gutsuro ɗan kaɗan aka kai ɗakin gwaji. Bayan mako biyu sakamako ya fito: ciwon daji ne, irin da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke fitar da majina a fatar cikin tumbi. Sai hoton siti (CT scan, hoton da ke nuna cikin jiki dalla-dalla) na ƙirji da ciki, sai kuma wata 'yar ƙaramar tiyata da suka huda cikina suka leƙa da kyamara, don su tabbatar bai yayyafu a tantanin ciki ba, tunda irin wannan yayyafin hoto ba ya cika nuna shi.

Ranar da aka zaunar da mu, ni da matata da babban wana, likitan tiyatar ya zana mana komai a takarda. Ya ce bangon hanyar abinci hawa-hawa ne, kuma ƙarin ya ratsa hawan tsoka ya kai na waje. Kaluluwa biyu ko uku da ke kusa da shi sun kumbura. Amma hanta lafiya, huhu lafiya, tantanin ciki lafiya. Ya ce, "Alhaji, ciwon ya yi ƙarfi a inda yake, amma bai yi tafiya ba. Mataki na uku ne. Ana iya neman warkewa, ba lallaɓawa kawai ba."

Na ce alhamdulillahi, to yaushe za a cire?

Ya ce ba yanzu ba. Sai an yi mini kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji da ake ɗurawa ta jijiya, na wata biyu, a huta kamar wata guda, sannan a yi tiyata.

Ban taɓa jin maganar da ta ɓata mini rai kamar wannan ba. Ga abu a cikina yana girma, an gan shi, an san inda yake, ga mai wuƙa a zaune a gabana, kuma yana cewa in je in dawo bayan wata uku. Na ce, "Likita, idan kuɗi ne ka faɗa, zan sayar da abin da zan sayar. Ka yanka ni gobe." A raina na riga na yanke cewa ko dai yana tsoron aikin, ko kuma ya ga ba zan rayu ba yana neman hanyar sallamata cikin mutunci. Wannan shi ne karo na farko da na kusa ɓata komai, domin na fita daga ofishin da niyyar neman duk wani asibiti da zai yarda ya yi mini aikin a makon nan. Kuma da na nema, na san zan samu.

A gida kuma ra'ayi ya rabu. Hamma, wato babban wan nawa, ya tsaya a kan abin da muka taso muna ji, cewa daji ba ya son ƙarfe, da allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fantsama. Shi ba ya son kemon, ba ya son tiyatar. Wani aminina ya ce a haɗa kuɗi a kai ni Masar ko Indiya. Lokacin kuwa Naira ta faɗi tun watan Yuni, an cire tallafin mai, komai ya tashi. Duk da haka muka tura takardun gwajina ta WhatsApp zuwa wani asibiti a Indiya. Amsar da suka turo ita ce ta fara kwantar mini da hankali: kemo sau huɗu, sannan tiyata, sannan kemo sau huɗu. Magana ɗaya da ta likitanmu, har sunan maganin.

Na koma wurinsa da kunya, ya haɗa ni da likitar da ke kula da masu ciwon daji, wato kansa. Ita ce ta zauna da ni kusan awa guda. Ta ce ciwon da ya kai kaluluwa, sau da yawa ya riga ya saki 'yan ƙwayoyi cikin jini waɗanda babu hoton da zai nuna su. Wuƙa tana cire abin da ido ya gani ne kawai. Kemo kuwa jini yake bi, duk inda suka ɓuya zai same su. Sannan idan ƙarin ya motse, likitan tiyata zai fi samun damar yankewa ta wajen lafiyayyen nama, ba tare da ya bar saura a gefe ba. Ta ƙara da wani dalilin da ban taɓa tunaninsa ba: bayan babbar tiyata jiki yana raunana, mutane da yawa ba sa iya jure kemon da ke biyo baya, saboda haka wanda aka ba mutum tun da ƙarfinsa shi ne wanda aka tabbatar ya shiga.

Tana cikin magana sai na ga wake a idona. Duk mai sana'armu ya san buhun da ƙwaro ya shiga. Ka zazzage, ka tankaɗe, ka tsince duk wanda ya huje, ka ga wake fes, ka mayar cikin buhu. Bayan wata guda ka buɗe ka tarar ya koma gari, domin ƙwayayen ƙwaron suna manne a jikin waken da ka ce lafiyayye ne. Sai dai a yi wa buhun magani gaba ɗaya, ko a ɗaure shi a buhu mai leda biyu a ciki a hana shi iska. Na gaya mata haka, ta ce, "To Alhaji, ai ka riga ka gane."

Na tambaye ta lissafi, domin ni mutumin lissafi ne, ba ta kuma ɓoye mini ba. Ta ce a wani babban bincike da aka yi a Ingila aka fitar a 2006, cikin kowane mutum 100 da aka yi wa tiyata kaɗai, 23 ne suka kai shekara biyar a raye. Waɗanda aka ba su kemo kafin tiyata da bayanta, 36. Daga baya likitocin Jamus suka fitar da sakamakon wani haɗin magunguna huɗu a 2019, ana kiransa FLOT, da shi adadin ya kai wajen 45. Na yi shiru, domin ni ɗaya ɓangaren lissafin na ji, wato fiye da rabi ba su kai ba. Ta ce wannan ƙidayar jama'a ce, ba ta san rabon mutum ɗaya ba, ajali yana wurin Allah, amma tsakanin 23 da 45 akwai mutum 22 da suka koma gidajensu.

Ta ce akwai hanya ta biyu da likitocin Holan suka fitar a 2012, ana kiranta CROSS: kemo mai sauƙi sau ɗaya a mako har mako biyar, a haɗa da gashin na'ura, wato ƙona ƙarin da haske mai ƙarfi, na kwana 23, sannan tiyata. Hanya ce mai kyau. Amma na'urorin gashin ba su da yawa a ƙasar nan, ga layi, kuma nawa ƙarin ya fi karkata wajen tumbi, shi ya sa suka zauna su da likitan tiyata da mai duba hoto suka zaɓar mini FLOT. Ta roƙe ni abu ɗaya, in dakatar da duk wani jiƙo da garin magani, domin hanta da ƙoda su ne za su ɗauki nauyin kemon, kada a haɗa musu kaya biyu. Addu'a kuwa ta ce in ƙara, ita ma tana yi.

Muka fara a tsakiyar Nuwamba, bayan an gwada zuciya da ƙoda da hanta, an duba ko ina da ciwon hanta nau'in B, an kuma ƙara mini jini leda biyu. Duk bayan mako biyu ake yi. Ranar farko a ɗaura dositaksel, sai oksaliplatin tare da lukoborin, sannan a ɗaura na huɗun, fuloroyurasil, wanda ke ɗiga a hankali har awa 24. Dole in kwana. Kafin kowane zagaye sai an ɗebi jini an ga ƙwayoyin jini sun farfaɗo.

Tashin zuciya da gudawa da gyambon baki duk na gani, gashin kaina da gemuna suka zube bayan zagaye na biyu, jijiyoyin hannuna suka yi baƙi kamar an zana su da tawada. Amma abin da ya fi shiga raina shi ne sanyi. Oksaliplatin yana sa jijiyoyi su ƙi sanyi, ni kuwa kemona ya faɗo tsakiyar hunturu. Asubar farko bayan na dawo gida na ɗauki buta kamar yadda na saba, ruwan ya kwana a waje. Ina zuba shi a hannu sai na ji kamar na kama wayar lantarki. Na kurkure baki, maƙogwarona ya ƙulle, na ɗauka numfashina ne zai tsaya. An gargaɗe ni, amma gargaɗi daban, ji a jika daban. Tun daga ranar har aka gama, matata ce ke tashi kafin kiran sallar farko ta hura gawayi ta ɗuma mini ruwan alwala, ta sa mini safar hannu da rawani a rufe baki da hanci kafin in fita masallaci. Ko ƙarfen ƙofa ba na taɓawa da hannu tsirara. Shekara 29 muna tare da ita, ban san girman abin da Allah ya ba ni ba sai a waɗannan asubahin.

Ita ce kuma ta ceci raina bayan zagaye na biyu. Kwana tara da yin sa, zazzaɓi ya rufe ni da dare. Na ce maleriya ce, a sayo magani da safe. Ta sa mini ma'aunin zafi ta ga ya wuce 38, ta ce, "Alhaji, likita ta ce ko ƙarfe nawa ne a zo. Ba za mu kwana a gidan nan ba." Maƙwabcinmu ya kai mu a Keke Napep ɗinsa ƙarfe ɗayan dare. Fararen ƙwayoyin jinina, waɗanda ke yaƙar cuta, sun kusa ƙarewa. A irin wannan hali ƙaramin ciwo yana iya kashe mutum cikin awanni. Na yi kwana biyar ana ɗura mini maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, aka ɗaga zagaye na uku da mako guda, aka kuma ƙara mini wata allura mai tayar da fararen ƙwayoyin jini bayan kowane zagaye. Allurar tana son firji, wuta kuma ba ta tsayawa, sai muka riƙa ajiye ta a gidan wani maƙwabci mai sola.

Maganar kuɗi ba zan tsawaita ba. Waken da na ajiye don bazara na sayar da shi tun a kaka, na sayar da bijimai biyu, daga ƙarshe gonata ta rani da ke wajen Dadin Kowa ta tafi. Farashin maganin da muka saya a Nuwamba ba shi ne na Janairu ba. Mun ji labarin asusun tallafin masu kansa da gwamnatin tarayya ta fara a 2021, wanda Asibitin Koyarwa na Tarayya na Gombe yake cikin asibitoci shida da aka soma da su, amma kansar mama da ta bakin mahaifa da ta furostet ta maza ya shafa, tawa ba ta ciki. 'Yan rumfarmu suka yi karo-karo sau biyu ba tare da na roƙa ba. Hamma, wanda bai yarda da maganin ba, ya kawo kuɗin zagaye guda cur, ya ajiye a ƙarƙashin matashina bai ce uffan ba.

Sai ga abin da ban zata ba. Bayan zagaye na biyu na lura kunu yana wucewa babu tsayawa. Bayan na uku na ci faten doya. Wata ranar Juma'a na ce a tuƙa mini tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuka, na ci malmala guda, ban kora da ruwa ba. Na zauna ina hawaye a gaban kwano, yara suna kallona. Aka gama zagaye na huɗu a farkon Janairu, aka sake hoton siti, ƙarin ya motse sosai, kaluluwar ta sauka. Nauyina ya fara dawowa.

Nan ne karo na biyu, kuma ya fi na farko haɗari, domin da murna ya zo. Mutumin da ya roƙi a yanka shi gobe, yanzu shi ne ke cewa mene ne amfanin yankan. Ina ci, ina sha, ina zuwa kasuwa in zauna awa biyu. 'Yan dubiya suna cewa Allah ya amsa addu'a, ka warke, kada ka bari a taɓa ka. Ga shi an gaya mini tumbin gaba ɗaya za a cire, kuma aiki ne da wasu ba sa tashi daga gare shi. A ɗakin kemo akwai wani bawan Allah daga wajen Dukku, manomi, mun yi kusan sa'a, ciwonmu iri ɗaya. Mun shaƙu, muna raba dabino. Shi tun bayan zagaye na uku ya ce ya gode Allah, ya koma gida. Muna waya, yana ba ni labarin yadda yake cin dambu. Na yi sha'awarsa ƙwarai.

Na je na gaya wa likitar abin da ke raina. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce a cikin waɗanda aka yi wa FLOT aka kuma yi musu tiyata, idan aka duba naman da aka cire, kusan mutum ɗaya cikin shida ne ake samun ciwon ya mutu gaba ɗaya. Sauran biyar ɗin akwai mai rai a ciki, ko da hoto ya yi kyau, ko da mutum yana cin tuwo. Kuma babu yadda za a san wane ne ɗayan sai an cire an duba. Ta ce idan aka wuce lokacin, mako huɗu zuwa shida bayan kemo, abin da ya rage zai sake tasowa, wataƙila a lokacin ƙofar tiyata ta rufe.

Na yi istihara kwana uku. Sannan na je gaida Dada, mahaifiyata, wadda ta haura shekara 80, ba ta san kemo ba, ba ta san siti ba. Na zayyana mata komai. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Da za ku fara, sun gaya maka akwai yanka a ƙarshe?" Na ce sun gaya mini, Dada. Ta ce, "Ka amsa musu?" Na ce na amsa. Ta ce, "To alkawari kaya ne. Je ka sauke. Ina nan ina roƙa maka."

Makonnin da suka rage na yi su ne a shiri, ba a fafe gora ranar tafiya. Kunun gyaɗa da madara, ƙwai uku a rana, awara, farfesun kaza da aka niƙa. Tafiya a ƙasa bayan la'asar, daga gida zuwa bakin titi, kullum ina ƙara nisa. Suka ba ni wata 'yar roba mai ƙwallaye uku ina zuƙa don huhu ya buɗe. Na rubuta wasiyya, na biya basussukan da ake bi na, na nemi gafarar waɗanda muka taɓa saɓawa a ciniki. Samari shida daga cikin masu lodi a kasuwa suka bi ni har wata jihar da aka tura ni don a yi tiyatar, suka ba da jini.

Tiyatar ta ɗauki awa shida. Suka cire tumbin da ƙarshen bututun abinci da kaluluwar da ke kewaye, suka jawo ƙaramin hanji suka haɗa da abin da ya rage. Na yi kwana 16 a asibiti, kwanakin farko ko ruwa ba na sha, ta wani siririn bututu a gefen ciki ake ba ni abinci. Da sakamakon naman ya fito, gefen yankan duka fes, babu saura. Amma a tsakiyar ƙarin akwai ciwo mai rai, kuma cikin kaluluwa 24 da aka cire, ɗaya tana ɗauke da shi. Ranar da nake kuka a gaban tuwon shinkafa ina cewa na warke, yana nan a cikina.

Kemon bayan tiyata ya faro a ƙarshen azumin 2024. Ban yi azumi ba, malaminmu ya karanta mini ayar da ta yi wa marar lafiya rangwame, na kuma ji ɗacin hakan fiye da yadda zan iya faɗa. Wannan karon zafin bazara ne, garin Gombe kamar tanda, kowa yana neman ƙanƙara, ni kuwa ruwan ɗumi nake kurɓa. Na jure zagaye uku. Kafin na huɗu yatsuna da tafin ƙafata suka mutu, ba na iya sa maɓallin riga, na sauka kilo 58. Likitar ta ce a tsaya haka, ta ce ko a binciken Jamus ɗin waɗanda suka kammala duka takwas ba su kai rabi ba. Sai na tuna maganarta ta ranar farko, cewa wanda aka ba mutum da ƙarfinsa shi ne tabbas.

A watan Yunin shekarar 'yata ta karanta mini labarin wani sabon bincike, shi ma daga Jamus, inda aka gwada hanyoyin nan biyu kai tsaye a kan masu irin ciwona. Bayan shekara uku, kusan 57 cikin 100 na waɗanda aka yi wa FLOT suna raye, na CROSS kuma kusan 51. Na yi hamdala. A watan nan ne kuma ɗan abokina na Dukku ya kira ni. Abinci ya sake tsaya wa mahaifinsa, sun dawo asibiti, an ce ya shiga hanta, babu maganar tiyata. Na je na same shi a gadon asibiti. Ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, an yi maka?" Na ce an yi. Ya ce, "Madalla." Bai ƙara cewa komai a kai ba, ni ma ban ce ba. Ya rasu kafin a girbe gero. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Yanzu ina cin abinci sau shida ko bakwai a rana, kowane bai wuce cikin ƙaramin kofi ba, kuma ba na haɗa ci da sha. Idan na yi kuskure na sha abu mai zaƙi da yawa, gumi ya karyo mini, zuciyata ta riƙa bugawa, sai na kwanta. Ina barci a kan matasai uku saboda ɗaci da ke tasowa. Ana yi mini allurar bitamin B12 a kai a kai, kuma haka za a yi har ƙarshen rayuwata, tunda tumbi ne ke fitar da abin da ke sa jiki ya tsotse shi. Azumi ya gagare ni, ina ciyarwa. Yatsuna sun farfaɗo amma ba duka ba, har yau idan na damƙi wake ba na jin laushinsa da taurinsa kamar da, sai na sa babban ɗana ya taɓa mini. Nauyina ya tsaya a kilo 63. Ana duba ni lokaci-lokaci, ba a ce na warke ba tukuna, shekara biyar ake jira, kuma duk daren da gobensa za a yi hoto ba na runtsawa.

Makon jiya ina zaune a rumfa, ɗaya daga cikin dattawan masu ɗinkin buhu yana karyawa a gefena. Na ga ya gutsuri biredi, ya haɗiye, ya tsaya, ya dafe ƙirji, ya kurɓi shayi, sannan ya numfasa. Ya sake gutsura, ya sake yin haka. Na ce, "Malam, tun yaushe?" Ya ce tun kafin azumi, amma olsa ce, yana shan magani. Na ɗaga rigata na nuna masa tabon da ya taso daga ƙahon zuci zuwa cibiya. Mun daɗe muna magana, ya ce ba shi da kuɗin kyamarar, na ce 'yan rumfa za su ji da wannan. Ya ce zai shawarci iyalinsa. Jiya da magariba ɗansa ya zo ya ce ya amince. Mun yi da shi kada ya ci komai daga tsakar dare, zan biya in ɗauke shi gobe ƙarfe bakwai na safe.